Nomau da Motar Ubansa

Ku gyara zama, kuma kada wanda ya katse ni. Labarin jikana ne, Nomau. Ni na goya shi, ni na yaye shi, saboda haka babu mai gyara mini ko kalma ɗaya.

Mu uku ne a gidan nan na Tungar Marke: ni, da Nomau, da matarsa Tabawa. Ta huɗunmu mota ce. Ubansa ne ya bar ta, ɗana na fari, Allah ya ji ƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kai mutane kasuwanni. Motar ta girmi Nomau. Ba fetur take sha ba, gas take sha, wanda wasu ke ce wa dizal, irin na manyan motoci. Silinda huɗu gare ta, giya biyar, ga kuma wani ƙarfe a gefen injin mai kama da katantanwa, turbo sunansa, shi ke ɗura mata iska ta sami ƙarfin hawan tudu. A duk garin nan ita kaɗai ce mota.

Nomau ba mugu ba ne, ba rago ba ne, tuƙi kuwa a cinyar ubansa ya koye shi. Ciwonsa ɗaya ne. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi, ba tunanin abin da kake nufi.

A shekarar da nake ba ku labari Tabawa na da ciki. Na farkonta bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar aka same ta. Wannan karon malamar asibiti ta duba ta, ta ce ɗan a gicciye yake kwance. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Iya, kada ku yarda ta yi naƙuda a gida. Ciwo na farawa ku kawo ta." Tsakaninmu da asibitin akwai rafi, wanda da rani yashi ne zalla mota ke ratsawa, sai hanyar ƙasa, sannan kwalta. Babur ba ya ɗaukar mace a wannan hali. Ke nan ran Tabawa na rataye a jikin tsohon injin nan, injin kuma yana hannun Nomau.

Na aika aka kira mini Sallau mai injin niƙa, wanda ya yi kanikanci a birni kafin ciwon gwiwa ya dawo da shi gida. Ya buɗe bonet, ya sa aka tayar, ya kara kunne. Ya ce, "Iya, irin wannan inji ba ya mutuwa, sai dai a kashe shi. In aka kula da shi sai ya ga jikokin Nomau."

Na ce, "Ban nemi jikoki ba. Ka riƙe mini shi da rai yarinyar nan ta sauka lafiya."

Wata rana Sallau ya ga Nomau ya dawo daga kasuwa a guje, yana tsayawa ya murɗe makulli. Ya daka masa tsawa. "Kai! Haka ubanka yake yi? Turbo na juyawa da zafinsa ka yanke masa baƙin mai, ai sai ya ƙone. Ka bar ta tana aiki a hankali har ta huce, sannan ka kashe." Nomau ya ce, "To, Baba Sallau." Washegari na tafi ta'aziyya wata ruga. Nomau ya dawo da azahar, ya bar injin na gurnani a ƙofar gida, ya kifa turmi ya zauna. Jim kaɗan ya taɓa bonet. Zafi. Ya koma ya zauna. Tabawa ta leƙo ta ce, "Wai ba za a kashe ta ba?" Ya ce, "Ba ta huce ba." Aka yi la'asar. Ya taɓa, ya janye hannu. Sallau na can cikin ƙarar injinsa, bai san abin da ake ciki ba. Ina shigowa gari rana na faɗuwa, a gaban idona motar ta yi tari, ta jijjiga, ta yi shiru. Nomau ya miƙe da murna ya ce, "Iya, ta kashe kanta. Yanzu kam za ta huce." Gas ne ya ƙare ƙaf. Sallau ya ce ba kamar motar fetur ba ce da za a zuba a tayar, wannan in tankinta ya bushe iska ke shiga bututu, sai an fitar da ita. Wuni guda ya yi yana kwance ƙusoshi yana danna ƙaramin famfo da yatsa, kumfa na fita. Ni kuwa wunin nan ban ci tuwon kirki ba. Duk motsin da Tabawa ta yi sai na dubi fuskarta.

Da motar ta tashi, Sallau ya kama kunnen Nomau ya ce, "Tankin nan kullum ya kwana a cike. Ka ji ni? A cike."

Wata rana aka wayi gari babu gas a gidan mai, kowa ya je sai ya dawo da jarka wayam. Nomau ya dawo, ya zura kara a tanki, ya ga gas ya sauka. Ya shiga ɗakina. Ni sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma a ranar na tara man da zan kai kasuwa. Sai da safe na ɗaga tulu na ji ba nauyi. Kafin in buɗe baki na ji an tayar da mota a waje, sai ƙamshin suya ya cika gida. Na fito na tarar yara sun yi cincirindo a bayan salansa, bututun da hayaƙi ke fita, suna buɗe hanci, wata maƙwabciya ta fito da kwano tana tambayar ina ake tuyar ƙosai.

Na ce, "Nomau, ina maina?"

"Yana tanki, Iya. An ce ya kwana a cike."

"Da man gyaɗa?"

"Ba a ce da me ba."

Abin mamaki, ta sha, ta kuma yi tafiya. Sallau ya ce tsofaffin injinan nan cikin jaki gare su, ba abin da ba sa haɗiyewa. Amma bai yi dariya ba. Ya ce man ya yi kauri, zai toshe matatar gas. Haka kuwa aka yi. Da aka yi sanyin safiya man ya yi nauyi, motar ta tashi, ta je bakin rijiya ta mutu. Sai da aka zuƙe tankin da tiyo, aka aika birni aka kawo sabuwar matata. Kwanakin da aka yi ana jira, ni na san yadda na yi su. Cikin Tabawa ya sauko, ƙafafunta sun kumbura, mota kuma na bakin rijiya awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Wata rana Sallau ya ce bari ya koya wa Nomau duban safe. Ya nuna masa lagireto, inda ake zuba ruwa. Ya zaro wani siririn ƙarfe daga injin, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya nuna masa zane biyu, ya ce baƙin mai tsakaninsu yake tsayawa. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Sai ya ƙara da cewa, "Baƙin mai shi ne jinin turbo. Kada ka kuskura ka yi mata rowarsa." Maganar ƙarshe ita Nomau ke riƙewa. Akwai galan guda da na sa aka ajiye don ranar juye mai. Da safe ya ɗauko, ya tuttula mata duka, har ya girgiza galan ɗin kada a ce ya ɓoye wani abu. Ya tayar, ya taka totur.

Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba, kuma ba na fatan in ƙara ji. Injin ya fara hawa, yana hawa, yana hawa, kamar ana yanka shi. Farin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida har ba ka ganin katanga. Kaji suka watse. Na jawo Tabawa na tura ta bayan rumbu, na tsaya a gabanta. Sai ga Nomau ya fito daga cikin hayaƙin, makulli a hannunsa ya ɗaga shi sama.

"Iya, na kashe ta! Ta ƙi!"

Makulli a hannu, inji na kururuwa. Sallau ya taho yana ɗingishi, gudun da na tabbata tun yana saurayi bai yi irinsa ba. Ya ɓalle bonet, ya fizge wani ƙaton tiyo, ya cire silifas ɗinsa ya manna a bakin da iska ke shiga. Na ga takalmin ya lotsa ciki kamar za a haɗiye shi. Injin ya shaƙe, ya yi kakari, ya tsaya. Shirun da ya biyo baya har kunnena na ƙugi.

Sallau ya zauna a ƙasa yana haki. Ya ce, "Ta daina shan gas, man jikinta take sha, shi ya sa makulli bai yi aiki ba. Da an ƙara jimawa da ƙarfe ya fasa injin ya fito ta gefe."

Na ce, "Ta mutu?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna, Iya."

Ya tsiyaye man da ya yi yawa, ya wanke bututun iska, ya kwance abin da zai kwance. Da ya sake tayarwa ta tashi, muryarta ta ɗan dusashe, amma ta tashi. Ya ce, "Wannan shi ne na ƙarshe da za ta yafe." Nomau na gefe yana riƙe da galan, ya ce, "Ni dai ban yi rowa ba." Ban dake shi ba. Na karɓe galan ɗin daga hannunsa na shige gida.

Wata rana za mu kai Tabawa awo, Sallau ya leƙo ta taga ya ce, "Bayan abin da ya faru, ka riƙa sauraronta. Ka ji baƙon sauti, tsaya nan take." Muka ratsa yashin rafi, muka hau kwalta. Muna gangara wani tudu mai kwana, wata tirela na bin mu a baya, sai Nomau ya take birki. A tsakiyar titi. Goshina ya bugi kujerar gaba. Na ji ƙahon tirela, na ji tayoyinta na kuka a kan kwalta, na waiga na ga hancinta ya cika gilashin baya. Na rungume Tabawa na yi kalmar shahada. Allah ya ba direban nan sa'a ya kauce, ya wuce ta gefenmu, ya tafi da madubinmu. Ya leƙo yana zagi, "Mahaukacin ina ne wannan! Ka gaji da duniya ne?" Nomau bai ko kalle shi ba. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku yi shiru, akwai abin da ke ƙaras-ƙaras." Murfin langar da na zubo wa Tabawa fura ne ke kaɗawa a ƙafata. Na ce, "Ja motar nan ka sauka gefe, ko in sauke ka daga duniya." Ya sauka.

A asibiti malamar ta ce ɗan bai juya ba, amma da sauran kamar wata guda. Ta ce gara a kawo ta kusa tun da wuri. Na shirya da wata 'yar ƙanwata da ke aure a can, a kan cewa ranar kasuwa mai zuwa zan kawo Tabawa ta zauna a wurinta. Na ce a raina saura ƙiris in huta da Nomau da motarsa.

Wata rana, ana saura kwana kaɗan kasuwar, aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Ƙofar gidanmu kwari ce, ruwa ya taru har rabin taya. Sallau ya zo ya tsaya yana kallo, ya girgiza kai. Ya ce, "Iya, duk abin da aka yi mata a baya wasa ne. Injin gas in ya shaƙi ruwa ta inda yake shan iska, ƙarafan cikinsa lanƙwashewa suke yi. Wannan ba ni da maganinsa." Na juya na ce wa Nomau, "Ka ji dai. Ka ɗauke ta ka kai ta inda ruwa ba zai iske ta ba." Ni tudun masussuka nake nufi, nan bayan gida, inda ko daga ɗakina ina hangensa. Na shiga na ci gaba da aikina.

Aka yi azahar babu Nomau. Aka yi la'asar babu shi. Na leƙa masussuka, babu mota. Sai can yamma ga shi a ƙasa, wando a naɗe, ƙafafu duk taɓo, makulli a rataye a wuya.

"Ina motar?"

"Na kai ta, Iya."

"Ina?"

Ashe ya je masussuka, ya tambayi wani tsoho ko ruwa na zuwa nan. Tsohon ya ce ya taɓa zuwa, shekarar da rumbuna suka rushe. Ya wuce filin makaranta, aka ce nan ma ya taɓa zuwa. Haka ya yi ta bi yana tambaya. Ya ratsa rafi, lokacin ruwan bai wuce idon sawu ba, ya yi ta tafiya har tudun da ke bakin kwalta, inda masu awon hatsi ke da rumfar kwano. Nan aka ce masa tun kakanni ruwa bai taɓa hawa ba. Ya sa ta a rumfar, ya kulle, ya tako gida.

Na ce, "Wato matarka na nan da ciki haihuwa yau ko gobe, ka kai motar ƙetaren rafi, ka dawo mini da makulli? Makullin za ta hau?"

Ya ce, "Can ne ruwa ba ya zuwa."

Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a gabanku ba. Na ce gari na wayewa ya je ya ɗauko ta, in ba haka ba kada ya ƙara shigo mini gida.

Gari ya waye ba ko gajimare a kanmu. Amma ina shara na ji wani ƙugi daga gabas. Ruwan da aka yi a kan duwatsu can sama ne ya sauko. Nomau ya tafi ɗauko mota, ya dawo, ya ce babu rafi, sai kogi. Ja wur, ya cika baki da baki, yana tafe da itatuwa.

Bai rufe baki ba Tabawa ta kira ni daga ɗaki. Murya ɗaya ta yi, "Iya," na san ko mene ne. Na shiga na tarar ta dafe bango, ruwa ya fashe.

Na aika a kira Sallau, na aika a kira masunta. Muka shimfiɗa katifa a kan amalanke, muka ɗora ta, aka kama hanyar rafi. Ciwo na zuwa yana tafiya, tana cije gefen mayafinta. Sallau na ɗingishi a gefena. Da muka iso bakin ruwa ya tsaya, ya dubi ruwan, ya dube ni. Ya ce a hankali, "Iya, da motar na gida, yau ba ta da amfani. Ko tirakta ba ta shiga wannan. Sai ruwan ya janye, kuma ba yau ba, ba gobe ba."

Na juya wurin masunta. Ba lokacin magana ba ne.

Shugaban masuntan ya ce ruwan ya yi ƙarfi, a jira ya ɗan kwanta. Na ce, "Dubi yarinyar nan ka sake faɗa mini a jira." Ya duba. Ya ce a kawo babban kwalekwale. Muka shiga, ni da Tabawa a tsakiya, kanta a cinyata, Nomau a gaba ya damƙe makullin wuyansa da hannu biyu. Ruwa ya ɗauke mu ya yi ƙasa da mu, masunta na tuƙi suna kiran sunan Allah. Wani kututture ya taho ya gogi gefen jirgin, ruwa ya shigo ya jiƙa mu. Tabawa ta ce, "Iya, zan mutu." Na ce, "Ba a hannuna ba. Rufe baki ki yi numfashi."

Muka fita can ƙasa da mashigi. Nomau ya yi tsalle ya hau gaɓa, ya zura da gudu. Muka kwantar da ita a gindin wata bishiya muna jira. Wannan jiran ya fi ƙetaren wuya. Ina ta tunanin tsohon injin nan da duk abin da aka yi masa, ko zai tashi, ko yau ce ranar da zai rama. Tabawa ta daina magana, sai nishi. Sai can na jiyo shi. Gurnanin nan mai kauri, da ɗan fito a bayansa in ta hau tudu. A bushe take, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Muna isa asibiti aka karɓe ta aka shige da ita ɗakin tiyata. Na zauna a benci da jiƙaƙƙen zane, ban san tsawon zaman ba. Malamar ta fito ta cire abin rufe bakinta ta ce, "Iya, mace aka samu. Uwa da 'ya suna lafiya. Amma da kun ƙara makara, da wata magana muke yi yanzu."

Na yi hamdala. Na juya in faɗa wa Nomau, sai na gan shi ya nufi ƙofa, makulli a hannu.

"Ina za ka?"

Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Kin ce in kai ta gida da safe, ban kai ba. Yanzu zan kai ta."

"Ta cikin kogin?"

"Kin ce kada in shigo gida sai da ita."

Na fizge makullin na ƙulle a bakin zanena. Na ce, "Zauna. Nan inda kake. Kada ka motsa."

Ya zauna. A ƙasa, a tsakiyar ƙofa, ma'aikata na raɓawa ta gefensa, mai tura gadon marasa lafiya na cewa Malam a ba da hanya, shi kuwa yana cewa Iya ce ta ce. Na bar shi. Da aka fito da jaririyar a naɗe cikin zani, malamar ta tambayi ina uban, na nuna mata ƙasa. Ta durƙusa ta miƙa masa. Ya karɓa, ya ƙura mata ido, ya ɗago ya dube ni.

"Iya, ita kuma yaya ake yi da ita?"

Na buɗe baki, sai na tsaya. Na yi tunani sosai kafin in ce komai. Sannan na ce, "Riƙe ta kawai. Sauran ni zan yi."

Iyakar abin ke nan. Ku tashi, akwai gyaɗar da ba a ɓare ba.